Ɗan Manomin Bihar Da Yaran Boɗinga

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Sakkwato zuwa Shagari da rani, ya ratsa ta Boɗinga bayan la'asar, ba zai rasa ganin yara a fako ba, waɗansu na bin ƙwallon tsumma, waɗansu na dukan ƙodago da kara, waɗansu kuwa na gasar jifa don a ga wanda hogensa zai fi nisa. Ba mai tsayawa ya dube su, don ido ya saba. Mu ma da ba mu tsaya ba, ba domin labarin wani yaro ɗan ƙasar Indiya ba, wanda muke so malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi, watau magadan En'e, su karanta shi da idon basira.

Sunan yaron Vaibhav Suryavanshi. An haife shi ran 27 ga Maris 2011 a wani gari ana ce da shi Tajpur, cikin gundumar Samastipur ta jihar Bihar, wadda take cikin jihohin da suka fi talauci a Indiya. Ubansa manomi ne, amma mai son wasan kurket. Tun yaron yana ɗan shekara huɗu uban ya lura da yadda yake riƙe sanda, sai ya share masa wuri a bayan gida, ya riƙa jefa masa ƙwallo yana bugawa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu ɗan bayyana wasan, gama da yawa cikin masu karatu ba su taɓa ganinsa ba. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe. A tsakiyar fili akwai wata shimfiɗa mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshenta. Mai jifa ya sheƙo da gudu ya saki ƙwallo yana nufin turakun, mai bugu kuwa ya tsaya gabansu da faffaɗar sanda yana kāre su. In ya buga ƙwallon ya yi nisa, sai shi da abokinsa su yi ta musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ya gangara har ya fita iyakar fili, maki huɗu ke nan, in kuwa ya tsallake ta a sama, shida. Idan ƙwallo ya kā da turaku, ko aka cafe shi kafin ya taɓa ƙasa, mai bugu ya fita. Wanda ya tara maki ɗari bai fita ba, ya yi abin da ake ba da labari.

To, da yaron ya fi ƙarfin bayan gida, sai aka kai shi wurin masu koyarwa a Samastipur, daga nan kuma aka shiga kai shi Patna, babban birnin jihar, tafiyar da ta kusa kilomita 100, nesa ba kusa ba ta fi ta Shagari zuwa Sakkwato. Hidima ta yi yawa, har uban ya sayar da gonarsa. A watan Janairu 2024 yaron nan, yana ɗan shekara 12, ya shiga ƙungiyar manya ta jiharsa, ya kara da ta Mumbai a gasar kofin Ranji. Kafin shekarar ta fita ya tara wa samarin Indiya maki ɗari da ƙwallo 58 a kan samarin Ostireliya. A watan Nuwamba kuma, a wani taron ciniki da aka yi a Jidda, ƙungiyar Rajasthan Royals ta ɗauke shi a kan rupi miliyan 11. Ƙwallon farko da aka jefa masa a babbar gasar ƙungiyoyin Indiya, sai da ya tsallakar da shi iyaka. Ran 28 ga Afrilu 2025, a birnin Jaipur, ya cika maki ɗari da ƙwallo 35 kacal, yana da shekara 14, alhali masu jifan nan ƙarti ne da suka wakilci ƙasashensu, waɗansu ma sun haife shi.

Jaridun duniya sun yi ta yabon uban a kan sayar da gona. Mu dai ba za mu bi su ba. Gonar manomi ita ce rumbunsa, ita ce kuma gādon 'ya'yansa duka, har da waɗanda ba su iya riƙe sanda ba. Wannan ya yi kasada ya ci, shi ya sa muka ji labarinsa. Waɗanda suka sayar da tasu, yaro ya karye a hannu ko kuwa baiwar ta tsaya a hanya, ba wakilin jaridar da zai je ƙofar gidansu. In wani uba a ƙasar Yabo ko Dange ya zo neman shawararmu a kan haka, za mu ce masa ya riƙe gonarsa, ya kuma bar yaro a aji. Abin koyi a labarin nan yana wani wuri dabam. Yaron ya tarar da tsani a kafe: gasar gunduma, daga ita sai ta jiha, sai ta samarin ƙasa, kuma a kowane mataki akwai mai zama da littafi yana rubuta kowane ƙwallo da kowane maki.  Lissafin da aka rubuta shi ya yi masa magana.

Kada a ce wannan wasa baƙo ne a ƙasarmu. Tun da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 ake koyar da shi a can. Marigayi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya tashi daga Rabah ya yi makaranta a Sakkwato, ya wuce Katsina daga 1926 zuwa 1931, kuma ya buga kurket, ko da yake an fi saninsa da wasan fayif, wanda ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, can ne marigayi Alhaji Shehu Shagari ya same ta a 1941, bayan ya gama Elementare a Yabo da Midil a Sakkwato. A wancan zamani baitulmalin En'e ke ɗauke da nauyin Midil, kuma wasa bayan la'asar dole ne kamar darasin lissafi, malami na tsaye a kai. Ba mu ce zamanin ba shi da aibu ba. Ƙofar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, galibin masu shiga kuwa 'ya'yan sarauta ne, ɗan talakan da ya shiga sai a ce ya taki sa'a. Amma wanda ya shiga ɗin, ba a nemi ubansa ya sayar da ko kunya ɗaya ta gonarsa ba.

Me ya sa fayif ya yi saiwa a Katsina da Birnin Kebbi da Sakkwato, har ana gasar kofin Sardauna, kurket kuwa ya tsaya a bayan katangar kwaleji da kulob ɗin Turawa? Amsar ba wuya. Fayif bango yake so, mu kuwa magina ne tun kaka da kakanni, sa'an nan mutanenmu suka ajiye ƙaramin ƙwallon Turawa suka ɗauki na tanis, wanda ake samu a kasuwa. Kurket an kawo mana shi da ƙwallon fata mai tauri, da sanda ta itacen Ingila, da kayan kāre ƙafa, da fararen tufafi, kowanne sai an yi odarsa. Ran da Baturen makaranta ya tafi, oda ta tsaya, wasa ya bi shi. Mutanen Pakistan sun gamu da irin wannan tsada, suka yi mata dabarar da muka yi wa fayif: suka naɗe ƙwallon tanis da salatif na masu gyaran lantarki, suka riƙa bugawa a lunguna da daddare. Masu jifa da yawa da suka yi suna a ƙasar nan da wannan ƙwallo suka fara. Kafinta a kasuwar Boɗinga, in aka nuna masa sanda ɗaya, zai sassaƙa goma kafin sati ya zagayo. Fako kuwa Allah Ya ba mu shi kyauta, wata bakwai ko takwas ba ruwan da zai tsai da wasa.

Mun san za a ce, wasan Nasara ne, me ya haɗa jikokin mutanen Shehu da shi, a ƙasar da Sifawa take? Mai faɗin haka ya dubi Pakistan da Bangaladash, ƙasashen Musulmi ne, kurket kuwa shi ne babban wasansu. Ya dubi Afganistan, wadda 'ya'yanta suka koye shi a sansanin gudun hijira kusa da Peshawar, suka koma gida da shi, har a 2017 aka shigar da su sahun manyan ƙasashen wasan. Kai, in don sutura ce ma, ba wasan da ya kai shi: dogon wando ne da riga, ba kokawa, ba bangaza. Wani kuma zai ce ƙwallon ƙafa ya ishe mu. Lalle ya ishi masu gudu da masu ƙafa. Amma a kowane aji akwai yaron da ba ya taɓuka kome da ƙafa, alhali in ya ɗauki majajjawa tsuntsu ba ya sauka a gonar gero. Wannan ba a taɓa tambayarsa abin da hannunsa ya iya ba.

Nijeriya kuwa tana da ƙungiyar da za ta karɓe shi. A watan Maris 2019, a Windhoek ta ƙasar Namibiya, samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka cinye wasanninsu duka, suka sami shiga gasar duniya karo na farko, ƙarƙashin kyaftin Sylvester Okpe. A Afirka ta Kudu a 2020 sun sha kashi hannun Ostireliya da Ingila da tsibiran West Indies, suka huce a kan Japan. Ɗaya daga cikinsu, Peter Aho, a Legas cikin Oktoba 2021 ya fid da masu bugu shida na Saliyo, maki biyar kawai aka samu a kansa, abin da ba a taɓa yi ba a lokacin a irin wannan gajeren wasa tsakanin ƙasashe. 'Yan matanmu ma a Janairu 2025 sun kā da New Zealand da ratar maki biyu a Maleshiya. An kuma mai da kurket cikin wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles, rabonsa da su tun 1900.

Yanzu sai mu juyo kan akawu, don a nan ne maganar ta fi nauyi. Da ɗan Bihar ya yi suna, nan da nan waɗansu suka ce ya girmi shekarun da aka rubuta masa. Uban ya amsa da cewa hukumar kurket ta Indiya ta yi wa yaron gwajin ƙashi tun yana ƙarami. Mu ba mu da bakin yi wa kowa dariya a kan wannan. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta hana Nijeriya shiga gasar matasa har shekara biyu, saboda ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu sun saɓa tsakanin takarda da takarda. Sardauna kansa har yau littattafai ba su daidaita ba, waɗansu sun ce 1909 aka haife shi, waɗansu 1910. Shi an yi masa uzuri, zamaninsa ba rajista. Ɗan yau ba shi da wannan uzuri. Yaron da aka haifa a ƙauyen Shagari, aka yanka ragon suna amma ba a rubuta shi ba, ran da ya isa gasa sai a kai shi kotu a yi masa rantsuwar shekaru, wani ya rage biyu, wani ya ƙara ɗaya. Daga ranar duk bajintar da ya yi da alamar tambaya a kanta, kuma wannan takarda ita za ta bi shi jarrabawa da neman aiki har ritaya. Rajistar haihuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, amma mai unguwa da liman da akawun gunduma su suka san gidan da aka yi suna jiya. In ba su kai labari ba, ma'aikacin ƙidaya ba duba yake yi ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma ba babba ba ne. Hedimasta ya san iyakar filin makarantarsa, ya sa a auna a rubuta, gama a garuruwa da yawa mun ga fili yana ƙanƙancewa, yau rumfa, gobe tubali. Sakataren ilmi na Boɗinga da takwaransa na Shagari su zaɓi malami bibbiyu masu sha'awa, su rubuta wa Hukumar Kurket ta Nijeriya su nemi a koya musu dokokin wasan da yadda ake cika littafin maki. In an yi girbi, sanyi ya shigo, makarantu huɗu daga kowane gefe su kara da juna da ƙwallon tanis, zakarun su haɗu shekara guda a Boɗinga, mai zuwa a Shagari. A sami akawu ɗaya mai kyawun rubutu ya zauna gindin darbejiya da babban littafi, ya rubuta sunan kowane yaro, da ranar haihuwarsa kamar yadda take a takardar Hukumar Ƙidaya, da abin da ya buga, da wanda ya fid da shi. Yaron da ba shi da takardar, a yi masa ita kafin ya riƙe sanda. Littafin kuma a ajiye shi a ofishin ilmi cikin akwatin ƙarfe, saboda gara.