Kada Mu Bari 'Yan Gwangwan Su Cinye Fijo 504

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, ƙorafi ne.

A Ingila da Faransa mutum kan riƙe tsohuwar motar tsere tun yana saurayi har furfura. Mu tamu ita ce Fijo 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna ya yi shekaru yana harhaɗawa. Kada ku raina ta, ita ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Ita ta ɗauko amare daga Roni da Gwiwa, ta yi jigilar fasinja zuwa Babura.

To yau fa? 'Yan gwangwan ke sassare ta suna aunawa a kilo! Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Na sani mai ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, kayan gyara kuma sai an yi bulayi a Ƙofar Ruwa ta Kano. Amma ni tawa ba ta sayarwa ba ce. Duk Juma'a nakan zaga Kazaure da ita, in leƙa wurin tsohon bakaniken da ke gane ciwon kafireto da kunne kawai. Yaransa duk sun koma gyaran babur.