Lahadin da Ba a Yi Masa Sabon Ɗinki

Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega, ta gangara Maiyama zuwa Koko da Yawuri, cikin ƙasar masarautar Gwandu take bi, ƙasar malamai da almajirai tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo. Kiristocin waɗannan garuruwa 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu neman abinci ne ya kawo su: Inyamurai masu shagunan magani da kayan gyaran mota, Yarabawa teloli da makanikai, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti daga ƙasar Zuru, 'yan sanda, masu bautar ƙasa, sai ɗalibai tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero a 2006. Cikin wannan 'yar jama'a na girma, a ɗariƙar Katolika, ƙarƙashin Sakkwato wadda aka yanka mata yankin bishara a 1953, ta zama dayosis a 1964, Bishop Matthew Hassan Kukah kuma yake jan ragamarta tun 2011.

Mu yara ba mu san kalanda ba, rigar Fada muke kallo. Idan ta koma shunayya ga hazo ya sauko, leɓe ya fara tsagewa, mun san an shiga makonni huɗu na jiran zuwan Almasihu. Nan shekarar ikilisiya take farawa, daidai lokacin da gero ya shiga rumbu, mutanen Aliero kuma suka duƙufa dashen albasa a fadama. Sai dai Kirsimetin baƙo dabam ne da na ɗan gida. Tun tsakiyar Disamba motoci ke cika a tashar Jega, wasu su nufi Anaca, wasu Zuru, wasu kudancin Kaduna. Ranar da majami'un duniya ke tumbatsa, namu kujerun rabi ne babu kowa. Waɗanda suka rage, galibi marasa kuɗin mota ne da masu aikin da ba ya barin mutum ya motsa, su ne za su share, su yi waƙa, su dafa shinkafa a kai wa maƙwabta Musulmi, kamar yadda naman layya ke shigowa gidajenmu da babbar salla.

Daga nan sai Larabar Toka. Ganyen dabinon da aka riƙe a Lahadin Dabino na bara shi ake ƙonawa, a shafa tokar a goshi, a buɗe kwana 40 na azumi da tuba. Ranar Ista ba ta tsayawa wuri ɗaya, domin Lahadin da ya biyo cikar wata na farko ne daga 21 ga Maris zuwa gaba, don haka tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A ƙasar Kabi wannan tsakiyar bazara ke nan. Wanda ya taɓa durƙusawa a tashoshi 14 na Hanyar Gicciye da yammacin Juma'a, kwanon rufi na huci, simintin ƙasa na ƙona gwiwa, ya san ƙishirwar da ake karantawa a labarin Kalfari ba tatsuniya ba ce. A 2025 azumin Ramadan ya kama ranar 1 ga Maris, Larabar Toka kuma ta zo ranar 5, sai ga gari guda kowa da irin azuminsa, ana yi wa juna sannu da ƙishirwa a bakin kasuwa.

A Mako Mai Tsarki limamai kan haɗu da bishop su karɓo man shafewa na shekara. Daren Asabar a hura wuta a waje, a kunna babbar kyandir, a yi wa masu koyon bangaskiya baftisma. Bayan kwana 50 Fentikos ta zo da jar riga, sau da yawa tare da hadarin farko.

Duk wannan kowa yana tunawa, domin akwai ɗinki, akwai hoto, akwai abinci. Abin da na fi so mu waiwaya shi ne makonni 33 ko 34 na koriyar riga, waɗanda mafi yawansu damina ce. Ɗalibai sun tafi hutu, manomi na gona, taɓo ya tare hanya, rufi na yoyo a kusurwar da mawaƙa ke zama. Fada ɗaya ne, ƙananan majami'u da yawa, ba kowane Lahadi yake isowa ba. To wa ke buɗe ƙofa?

Katikis ne. Namu dattijo ne ɗan ƙasar Zuru, da tsohon kekensa da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya naɗe da leda saboda ruwa. Yakan iso kafin kowa, ya buga ƙarfen kan mota da ke rataye a bishiyar dogonyaro, ya goge kujeru da kansa. Ko mutum bakwai suka zo, sai ya yi karatu uku cif, ya yi wa'azi da Hausa, ya maimaita da Turancin kasuwa domin waɗanda ba su ji ba. Bayan an tashi ya tara mu a inuwa yana tambaya muna amsawa, har sai dokoki goma sun zauna. Idan wani ya rasu a tsakiyar mako, shi ne a gaban makara.

Sai Zumuntar Mata. Da zanensu iri ɗaya, da tulun da ake bugawa da soso, da caki, su ke ɗaga waƙa ranar da babu mai kiɗan piyano. Su suka san wace ce ta haihu, wane ne ke kwance a asibiti, wane gida ne aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafafun nan ne suka riƙe ikilisiya daga Yuni zuwa Oktoba. Shi ya sa idan kaka ta yi aka zo bikin godiya, aka shigo da damin gero, buhun shinkafa, kaji da akuya ana rawa zuwa gaban bagade, akwai waɗanda za su karɓa. Shekara kuma ta rufe da Lahadin Almasihu Sarki a ƙarshen Nuwamba, ranar da Katolikan Najeriya ke fita zagayen Jibi Mai Tsarki, domin ainihin lokacinsa yana faɗawa cikin ruwan sama.

Yau abubuwa sun sauya. Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991 ta kawo ma'aikata, majami'u sun ƙaru, an samu lasifika da janareta, matashi na iya kallon Mas daga Roma a wayarsa. Na gode Allah da wannan. Amma waya ba ta zuwa gaisuwar mara lafiya, ba ta kuma koya wa yaro addu'a da harshen da uwarsa ke yi masa magana. Katikis ɗin zamaninmu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, kuma abin da ake ba su bai taɓa isar cefanen wata ba. Samari nawa ne ke sha'awar gadonsu?

Saboda haka ina roƙon majalisun ikilisiya a Jega, Aliero da Maiyama, na Katolika da na Angilika da na ECWA baki ɗaya: idan an zauna rabon kuɗin godiyar kaka, a fara da haƙƙin katikis da malamin majami'a kafin fenti da sabon lasifika. A zaɓi matasa biyu ko uku a tura su horo tun dattawan na da ƙarfin nuna musu hanya. Iyaye kuma, ɗan da kuka yi wa ɗinki domin Kirsimeti, ku kamo hannunsa ku kawo shi ranar Lahadin Agusta da ruwa ke zuba. A irin wannan ranar ce zai ga su wane ne ke ɗauke da ikilisiya, kuma a nan ne zai koyi ɗaukarta idan lokacinsa ya zo.