Itace Iri Ɗaya Ba Ya Zama Kurmi

Na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili domin in faɗi ra'ayina game da ramin nan na bayan ɗakunan kwananmu, inda aka yi shekaru ana ɗibar marmara don gyaran hanya. Na ji an ce da damina ta faɗi za a cike shi, a dasa itacen turare tun daga wannan baki har wancan. Cike ramin abu ne mai kyau, ba mai musu. Amma zancen turare shi kaɗai, ni kam ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

Ni mutumin ƙasar Jos ne, wajen Bukuru aka haife ni, na san abin da haƙa ke yi wa ƙasa. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a can, suka bar mana tuddai na jar ƙasa da tafkuna masu zurfi waɗanda har yau iyaye ke hana yara zuwa bakinsu. A 1946 aka yi doka a kan a riƙa gyara wurin da aka haƙa. A inda aka gyara, sai aka baje tuddan aka dasa turare, itacen da asalinsa na Ostiraliya ne. Akwai irin wannan shuka kusa da makarantarmu ta mishan. Daga nesa sai ka ce kurmi, amma in ka shiga ba abin da za ka taka sai busasshen ganye da 'yar ciyawa jefi-jefi. Iyayenmu mata ba su taɓa samun ganyen miya ko saiwar magani a ciki ba. Wani masani mai suna Alexander ya auna ƙasar irin waɗannan wurare, ya buga sakamakon a 1989. Ya tarar turaren bai gyara ƙasar ba, tsami ma ya ƙara mata.

To, bari mu ƙetare teku mu ga yadda waɗansu suka yi. A ƙasar Barazil, cikin babban kurmin Amazon, a gefen kogin Trombetas, akwai wani kamfani da ya fara haƙar boksit a 1979, watau jar ƙasar da a ke fid da alminiyam daga cikinta, ƙarfen tukwanenmu. Kafin a kai ga boksit sai an sare kurmi ƙaƙaf, an yaye ƙasa. Ga abin da su ke yi. Ƙasar sama, baƙar nan mai taushi, ba su zubar da ita. Sukan kwashe ta su ajiye gefe. In an gama haƙa sai a baje wurin, a mayar da ita kaurin wajen inci 6, a tsaga ƙasa da babban ƙarfe zurfin wajen ƙafa 3 domin saiwa ta sami hanya. Sa'an nan a dasa itatuwa wajen 1,000 a eka ɗaya, na ainihin kurmin nan, iri 80 ko fiye a gauraye.

Me ya sa su ke tattalin baƙar ƙasar haka? Domin ita ce rumbun kurmi. A cikinta iri ke kwance yana jiran rana, a cikinta kuma ƙwari da tsutsotsi da sauran ƙananan halittu su ke, masu mai da ruɓaɓɓen ganye taki. Inda aka yi sakaci ba a mayar da ita sosai ba, itatuwa sun tsumbure, ciyawa ta mamaye, ciyawa kuwa ita ke jawo gobara.

Waɗansu masana biyu, Parrotta da Knowles, sun bi waɗannan filaye bayan shuka ta yi wajen shekara 10, suka buga abin da suka gani a 1999. Akwai filin da aka dasa itatuwan katako masu saurin girma, galibi baƙi, har da turarenmu. Shi ya fi ko wanne yawan katako, amma ire-iren tsirrai da suka fito a ƙarƙashinsa kaɗan ne. Filayen da aka gauraya itatuwan gida kuwa, sai ga waɗansu ire-ire da yawa sun tsiro waɗanda ba hannun mutum ne ya shuka su ba. Tsuntsaye da jemagu ne suka kawo su. Sukan sha 'ya'yan itace a tsohon kurmi, su zo su sauka a sabon, su yi kashi, iri ya faɗi. Tsuntsu kuwa ba ya zuwa inda ba abin da zai ci. Wannan ita ce maganar da na ke so mu riƙe a kan ramin namu.

Amma fa ko a can ɗin ba a ce kurmi ya komo yadda ya ke dā ba. Itatuwa masu manyan ƙwallaye, waɗanda tsuntsu ba ya iya haɗiyewa, sun yi ƙaranci, domin dabbobin da ke ɗaukarsu ba su saba shiga sabon wuri ba tukuna. Akwai wata dabba a Amazon mai kama da gyazbi, ita ke fasa ƙwaryar gyaɗar Barazil ta binne ƙwayoyin don gaba, ta manta da waɗansu, su tsiro. In ba ta zo ba, sai mutum ya yi aikinta da hannu.

Na san abin da za a ce mini, wani abokina ma ya riga ya faɗa a ɗakin cin abinci: marmara tsirara ce, ba abin da zai kama sai turare, ga shi yana saurin girma, akuya ba ta cinsa, a sami itacen girki da na rufin ɗaki. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Baƙon itace yana da ranarsa. Kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya, a Bamburi, kamfanin siminti ya bar wani makeken rami na farin dutse. A wajen 1971 wani mutumin Suwizalan, René Haller, ya gwada tsirrai iri 26 a ciki, 3 kaɗai suka rayu. Ɗaya daga cikinsu shi ne kasurina, mai ganye kamar allura. Ganyen ya yi ta zuba ba ya ruɓewa, sai ya tattaro ƙadandoniya masu jajayen ƙafafu ya sake su, suka ci ganyen, kashinsu ya zama baƙar ƙasa. Da ƙasa ta samu, sai ya shiga rage kasurina yana dasa itatuwan kurmin gaɓar teku a inuwarsa. Yau wurin gandu ne, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Watau kasurina share fage ya yi. Kuskurenmu a Jos shi ne mun dasa mai share fagen, muka juya baya muka tafi gida.

Saboda haka ga roƙona ga waɗanda ke da wuƙa da nama. A sa turare ko malaina layi biyu ko uku a gefen da iska ke bugowa, ya isa. Baƙar ƙasar da za a yaye a wurin sabon gini kada a zubar, a kawo ta ramin. A fara da ɓaure da gamji, domin su ne ke kiran tsuntsu da jemage. Sa'an nan ko wane ɗalibi in ya tafi hutu ya komo da irin itatuwan garinsu, a gwada a ga wanda zai kama: ɗorawa, ɗinya, kanya, maɗaci, loko, namijin goro. Ni zan kawo atili. A kewaye wurin saboda awaki, a yi masa share-wuta da kaka.

Mu da za mu koyar da ilimin halitta a firamare, a ba mu littafi ɗaya a ajiye a ɗakin karatu. Ko wace shekara 'yan aji ɗaya su shiga ramin su rubuta ire-iren tsirran da suka gani, da waɗanda aka dasa da waɗanda suka zo da kansu. Shafin farko ni da abokan ɗakina mun riga mun cika shi ranar Asabar da ta wuce. Mun sami iri 4, uku ciyawa ne, na huɗun wani ɗan ɓaure ne a tsagar dutse, tsawonsa bai kai taƙi ba.