Sunan da Malamai Suka Saba da Shi Ya Fi Lamba

A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wasu makarɓai da mofin da dangoginsa, har da tiramadol da ya addabi matasanmu, ke kamawa kafin su kashe zafin ciwo, kuma tun da aka gano su malaman ilmin magunguna ba su gushe ba suna saɓani a kan yadda za a kira su. A 1976 William Martin ya raɗa wa ɗaya suna mu saboda mofin, wani kuma kappa, sa'an nan a 1977 Hans Kosterlitz da abokan aikinsa a Aberdeen suka ƙara delta. A 1996 ƙungiyar masana magunguna ta duniya, IUPHAR, ta yi nufin shafe waɗannan sunaye ta maye gurbinsu da OP1, OP2 da OP3, amma jama'ar masu bincike suka ƙi, har aka komo ga MOP, DOP da KOP, waɗanda suka riƙe haruffan mu, delta da kappa.

A ganina masu ƙin sun yi daidai, domin isɗilahin da ya ratsa dubban littattafai amana ce, kuma ɗalibin da ya ga harafin mu ya tuna asalinsa, alhali lamba ba ta tuna masa komai. Inda gyara ya wajaba shi ne makarɓi na huɗu, wanda sinadarinsa guda, mai iya rage ƙarfin mofin a ƙwaƙwalwa, ya sami suna biyu a 1995, nociceptin da orphanin FQ, har ɗalibi kan zaci abubuwa biyu ne.