Alhakin 'Yan Majalisa a Kan Gyaran Kiwon Lafiya

Gabatarwa

Tun daga lokacin da mulkin farar hula ya dawo a 1999, da wuya a yi zaɓe a Nijeriya ba a ji 'yan takara sun ɗauki alkawarin gyara asibitoci ba. Da zarar an gama zaɓe kuma sai gardama ta kaure tsakanin ɓangarori biyu. Ɓangare na farko yana ganin kiwon lafiya nauyi ne da ya rataya a wuyan gwamnati kacokan, saboda haka wajibi ne ta ba da magani kyauta, musamman ga mata masu juna biyu da ƙananan yara. Ɓangare na biyu kuwa cewa yake yi aljihun gwamnati ba zai iya ɗaukar mutum fiye da miliyan 200 ba, mafita ita ce kowa ya riƙa zuba wani abu a asusun inshora, a kuma buɗe wa asibitocin kuɗi ƙofa.

Kowane ɓangare yana da hujjar da za a saurara. Amma ra'ayin wannan maƙala shi ne, ko wanne ya yi rinjaye, talaka ba zai gani a ƙasa ba muddin 'yan majalisa ba su bi sawun dokokin da suka kafa da hannunsu ba, muddin kuma masu zaɓe ba su tambaye su bahasi ba. Za a ɗauki mazaunin Ƙofar Galadima da ke cikin birnin Zariya a matsayin ma'auni, domin halin da yake ciki ya isa misali.

Matakai Uku, Majalisu Uku

Idan ciwo ya kama mutumin Ƙofar Galadima, matakai uku ne a gabansa. Na farko shi ne ƙaramin asibitin gunduma, wato inda ake awon ciki da allurar rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙaramar hukuma da jiha suke tarayya a kansa. In abin ya gagara sai a tura shi Babban Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, wanda yake hannun Gwamnatin Jihar Kaduna. In can ma ya faskara sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya tare a mazauninsa na Shika a 2005, shi kuwa na Gwamnatin Tarayya ne.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai akwai majalisar da take amincewa da kuɗinsa: kansiloli a ƙaramar hukuma, da Majalisar Dokokin Jiha a Kaduna, da Majalisar Tarayya a Abuja. Wannan rabo shi ne mafakar mai gudun tuhuma. In an rasa magani a gunduma, wakilin Abuja ya ce aikin jiha ne, na jiha ya ce na ƙaramar hukuma ne, kansila kuma ya ce kuɗi ba su iso ba. Shi kuwa majiyyaci, tun da matakin farko ya kasa, sai ya haye abin hawa ya tafi Shika da ciwon da ya kamata a ce an tare shi a unguwa, ya ƙara wa likitocin can cunkoso, ya ƙara wa kansa ɗawainiya.

Dokoki Ba Su Yi Kaɗan Ba

Duk wanda ya bi tarihi zai tarar ƙasar nan ba ta taɓa rasa shiri a takarda ba. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya ƙunshi tsarin kai ƙananan asibitoci karkara, tun kafin taron Alma-Ata na 1978 da ya ɗora duniya a kan kiwon lafiya matakin farko. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya fara gwajin wannan tsari a ƙananan hukumomi 52 a 1986. An kafa dokar inshorar lafiya a 1999, aka ƙaddamar da shirin a 2005. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. A jihar Kaduna ma, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ɗauki shirin gyara ƙaramin asibiti guda a kowace gunduma daga cikin gundumomi 255, aka kuma kafa hukumar taimakekeniya ta lafiya, watau KADCHMA, a 2018.

To, ina aka kwana? Gwamnatin Tarayya, wadda aka yi alkawarin 2001 a cikin gidanta, yawancin shekaru abin da take ware wa lafiya tsakanin kashi 4 ne zuwa 6. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyaci da danginsa suke fitowa. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya a dalilin ciki da haihuwa a shekara guda, wato sama da rubu'in na duniya baki ɗaya. Haƙiƙa, da yawan doka yana warkar da ciwo, da tuni an sallami kowa.

Darasin Dokar 2014

Babu misalin da ya fi Dokar Lafiya ta Ƙasa fito da wannan batu fili. Shirin dokar ya yi shekara wajen goma yana kai da komo. Majalisa ta amince da shi a 2011, amma Shugaba Goodluck Jonathan bai sa hannu ba, a daidai lokacin da likitoci da sauran ma'aikatan lafiya suke ta ja-in-ja a kan wasu sassansa. Sai da aka sake sabon lale, sa'an nan ya zama doka a watan Oktoban 2014.

Sashe na 11 na dokar ya kafa asusu na musamman, ya ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na babban asusun kuɗin shiga na Tarayya ba. Ya kuma fayyace rabon: kashi 50 don biya wa jama'a muhimman hidimomin lafiya ta hanyar inshora, kashi 20 don magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 don gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 don ma'aikata, kashi 5 don taimakon gaggawa. Duk da haka, kasafin 2015 da na 2016 da na 2017 sun bi ta gaban majalisa sun wuce babu wannan kuɗi a ciki. Sai a 2018 'yan majalisa suka sanya Naira biliyan 55, aka fara sakin kuɗin a 2019. Sun cancanci yabo a kan abin da suka yi a 2018, amma wannan yabo shi ne ya tabbatar da laifin shekaru ukun da suka gabata, domin ikon da suka yi amfani da shi a 2018 yana hannunsu tun 2015.

Akwai wasu sassa biyu da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Sashe na 20 ya haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mutumin da ke cikin halin gaggawa, ya tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Sashe na 46 kuma ya hana a kai ma'aikacin gwamnati jiyya ƙasar waje da kuɗin jama'a, sai in kwamitin likitoci ya ba da shawara, minista ko kwamishina ya amince. Mai karatu yana iya tambayar kansa sau nawa ya ji majalisa ta zauna musamman don bin kadin waɗannan sassa. Muddin mai yanke kasafi yana da hanyar Landan ko Masar ko Indiya, yoyon ɗakin Ƙofar Gayan ba a kansa yake zuba ba.

Uzurin Da Ake Kawowa

Masu kare 'yan majalisa sukan ce aikinsu yin doka ne da amincewa da kasafi, sakin kuɗi da gudanar da asibiti kuwa na ɓangaren zartarwa ne. Wannan gaskiya ne, amma rabinta aka faɗa. Sashe na 88 da na 89 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba Majalisar Tarayya ikon binciken yadda ake aiwatar da kowace doka da yadda ake kashe kowane kwabo da ta ware, da ikon aika wa kowa sammaci, har da ba da takardar kamo wanda ya ƙi amsa kira. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisun jihohi irin wannan iko. Bugu da ƙari, sashe na 58 ya ce in shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a shirin doka, kashi biyu cikin uku na majalisun biyu suna iya mayar da shi doka, kuma sun yi haka a shekarar 2000 a kan dokar Hukumar Raya Yankin Neja-Delta.

Mutanen tsohuwar jihar Kaduna sun fi kowa sanin ƙarfin majalisa, domin a nan ne aka tsige Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa a watan Yunin 1981. Majalisar da za ta iya sauke gwamna ba za ta ce ta kasa gayyatar kwamishina ya yi bayanin kuɗin magani ba. Wani lokaci ma ƙarfin nan inda bai dace ba ake kai shi. Alal misali, a watan Afrilun 2023 wani shirin doka ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, yana neman a tilasta wa sababbin likitoci aikin shekara 5 a gida kafin a ba su cikakken lasisi, don hana su ficewa waje. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin ƙarancin albashi da rashin kayan aiki da ke korar likitocin, a cikin kasafin da majalisa ke amincewa da shi suke.

Daddawa Ma Da Wari

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da yawancin masu zaɓe suke nema wurin wakilinsu shi ne ya biya musu kuɗin tiyata, ko ya kawo likitocin ido na kwana uku, ko ya gina ɗakin shan magani a rubuta sunansa a bango. Babu mai raina taimako a ranar buƙata. Sai dai wannan ɗabi'a ta mayar da haƙƙi ya koma alfarma, ta mayar da wakili ya koma mai kyauta, shi kuwa mai kyauta godiya ake yi masa, ba a tuhumarsa. Ayyukan mazaɓu, waɗanda aka daɗe ana ware musu Naira biliyan 100 a shekara, a nan suka samu gindin zama. A watan Nuwamban 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an kashe Naira tiriliyan 1 a kansu cikin shekara goma ba tare da an ga amfanin da ya kai haka ba. Gini ba shi da wuya. Ungozoma da albashinta, da firjin ajiye allura, da ruwa, da wutar dare, su ne asibiti, su kuwa ba a yanka musu kyalle a ɗauki hoto.

Kiranye, wanda sashe na 69 ya tanada, bai zama abin dogaro ba. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama. Yunƙurin da aka yi a kan Sanata Dino Melaye ya rushe a 2018 tun a wajen tantancewa. Daɗin daɗawa, sashe na 17 da ya ambaci samar wa kowa wadatattun asibitoci yana cikin babi na biyu na Tsarin Mulki, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Abin da ya rage wa talaka shi ne tambaya a bainar jama'a, da ƙuri'a a ranar zaɓe.

Kammalawa

Zariya tana da damar da sauran garuruwa ba su da ita. Wakilinta a Majalisar Wakilai tun 2011, Alhaji Abbas Tajuddeen, Iyan Zazzau, shi aka zaɓa Kakakin Majalisa a watan Yunin 2023. A watan Agustan wannan shekara aka naɗa Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello, Ministan Lafiya, gwamnati kuma ta bayyana niyyar ninka ƙananan asibitocin da ke cin gajiyar asusun nan daga kimanin 8,800 zuwa 17,600. Garin da ya fitar da Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko a Arewa, bai kamata ya tsaya ga alfahari da manyan 'ya'yansa ba. Kamata ya yi ya zama wurin da za a fara al'adar ba da bahasi.

Hanyar ba ta da tsada. Kowane wakili, daga kansila zuwa sanata, ya zo gaban jama'ar gundumarsa sau ɗaya a shekara ya amsa tambayoyi uku: nawa aka ware wa lafiya a kasafin da ya amince da shi, nawa aka saki daga ciki, kuma wa ya gayyata ya yi bayanin giɓin da ke tsakani? Ɗan majalisar jiha a ƙara masa ta huɗu, watau ko jiha ta biya nata kason na kashi 25 da dokar 2014 ta shar'anta. Kuɗin da ke shiga asusun ƙaramin asibiti kuma a liƙa lissafinsu a bango da Hausa, boko da ajami, yadda mai unguwa da limami da matan da ke zuwa awo za su karanta. Masu gardamar magani kyauta da masu goyon bayan inshora duk za su amfana, domin kowanne zai sami alƙaluman da zai kafa hujja da su. Wanda ya nemi kujera da kansa, yana karɓar albashi da alawus daga baitulmali, ba a zalunce shi ba don an tambaye shi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.