Mai Kyanwa, Ka Ɗauki Nauyin Kyanwarka

Koke ya yi yawa. Maƙwabtanmu Yarabawa na kawo ƙara cewa kyanwoyin gidajenmu na tone musu shukar lalo da alayyafo suna yin kashi a ciki. Wasunmu kuma sai su ce, "Ai dabba ce, wa zai tsare ta?" Wannan ba hujja ba ce. Wanda ya ajiye dabba, shi zai tsare ta.

Kashin kyanwa na iya ɗaukar ƙwayar cutar toksoplasma, mai iya lahanta jaririn da ke ciki. Matanmu ma wannan ganyen suke saye.

Kullum muna neman a kare mana haƙƙinmu a nan Kudu. Da wane baki za mu nema, alhali muna take na maƙwabci? Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, daga 'yar gardama ya faro.

Maganin ba tsada. A zuba yashi a tsohon daro, a riƙa kwashe kashin kullum. A ciyar da ita, a kulle ta da dare. Idan ta yi ɓarna, a je a ba da haƙuri, a biya.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.