Zaman Kansiloli Kan Ruwan Sha: Me Ya Sa Ba Ma Ganinsa a Wayoyinmu?

Akwai bidiyon da na san da wuya ka ƙona datarka a kansa: zaman majalisar birni. Mutum tara ko goma a bayan tebur, ana bin ajanda ɗaya bayan ɗaya, daga kwangilar kwashe shara zuwa sayen sinadarin tace ruwa, sai gyaran fitilun titi. Biranen Amurka da yawa suna ɗora irin wannan zama a YouTube, suna kuma saka rubutaccen bayaninsa a shafinsu na intanet. A ganina wannan bidiyo mai sa hamma ya fi rabin manhajojin da muke yayatawa a nan amfani. Hujjata ita ce abin da ya faru a Flint.

Flint birni ne a jihar Michigan, mai mutum kusan 100,000 a lokacin. A watan Maris na 2013 kansilolinsa suka kaɗa ƙuri'a, bakwai da ɗaya, cewa za su shiga wani sabon aikin jawo ruwa daga tafkin Huron don rage kashe kuɗi. To amma birnin yana cikin matsalar kuɗi, kuma gwamnan jihar ya naɗa masa kantoma wanda maganarsa ke gaba da ta zaɓaɓɓu. A ƙarƙashin wannan tsari ne aka daina sayen ruwa daga Detroit a watan Afrilu na 2014, aka koma ɗiba daga kogin Flint kafin a gama sabon bututun.

Nan aka yi aika-aikar. Ruwan kogin ya fi cin ƙarfe, kuma matatar ba ta zuba sinadarin da ke lulluɓe cikin bututu ya hana shi zaizayewa ba. Tsofaffin bututun dalma suka fara sakin guba cikin ruwan da yara ke sha. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne. A Oktoban 2014 kamfanin General Motors ya daina amfani da ruwan a masana'antarsa ta injin mota saboda yana sa kayan tsatsa. Ƙarfe ya samu mai kare shi, mutane suka ci gaba da sha! A Maris na 2015 kansiloli suka sake ƙuri'a cewa a koma ruwan Detroit, kantoma ya ƙi.

Wani zai ce to ai duk da intanet ɗin da bidiyon, ba a hana masifar ba. Gaskiya ne. Amma dubi yadda asiri ya tonu. Wata uwa mai suna LeeAnne Walters ta dinga bin takardu tana neman sakamakon gwaji. Farfesa Marc Edwards na jami'ar Virginia Tech da ɗalibansa suka raba wa mazauna birnin kwalaben ɗibar ruwa, suka gwada, suka zuba sakamakon a intanet tare da wasiƙun jami'ai da suka samo ta dokar 'yancin samun bayanai. A Satumbar 2015 likitar yara Mona Hanna-Attisha ta fito da alƙaluman jinin yara daga bayanan asibiti. Wata guda bayan haka aka koma ruwan Detroit. An iya gane wa ya yanke me, kuma yaushe, saboda akwai shi a rubuce inda hannu zai kai.

A nan gida fa? Manyan matatun ruwa irin na Tamburawa da Challawa a Kano suna hannun gwamnatin jiha ne, amma rijiyoyin burtsatse na unguwa, magudanan ruwa da shara duk suna bi ta ƙaramar hukuma. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta ɗora musu shugabannin riƙo. Dokar 'yancin samun bayanai tana nan tun 2011. Duk da haka, da na je sakatariyar ƙaramar hukumarmu neman bayanin zaman da aka amince da gyaran burtsatsen layinmu, wanda har yau ga-ruwa muke saye, sai aka ce in rubuto takarda. Na rubuta. Aka ce mai makullin ofishin ya tafi ta'aziyya.

Ba wata babbar manhaja nake nema ba, kuma don Allah kada wani ya kawo maganar kwangilar miliyoyi don gina shafi. Na koyi rubuta manhaja da tsohuwar kwamfuta da datar dare, na san kuɗin abin. Ajanda kafin zama, sunan kansilan da ya yarda da wanda ya ƙi, adadin kuɗi, sunan ɗan kwangila, da sakamakon gwajin ruwa idan an yi. A rubuta da Hausa, a matsayin rubutun da za a iya kwafa a bincika, ba hoton takarda a karkace da aka ɗauka da waya ba. Irin wannan shafi bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba, ƙaramar waya ma za ta buɗe shi. Idan akwai kansilan da ke karanta wannan kuma ya yarda ya riƙa turo bayanin zamansu, ni zan haɗa shafin kyauta a ƙarshen mako guda.